Lambar da Muka Yi wa Sadaka

Gaya, Talata 11 ga Nuwamba, 2025

Zuwa ga ɗana Nazifi, a Jado.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da 'yan garinmu da kuke haƙar zinariya tare. Allah ya tsare ku daga ruftawar rami da sharrin hanya, ya sa albarka a cikin guminku, ya dawo mana da ku gida da ƙafafunku. Mu nan sai godiyar Allah. Damina ta yi kyau, geron Zabori ya shigo kasuwa, masu shinkafar bakin kogi sun fara yanka. Gadar kan iyaka tana nan a rufe yadda ka bar ta, masu kwalekwale ne ke cin kasuwarsu, mu kuwa tsofaffin masu cika takardun duwan, wato kwastan, muna zaune a inuwa muna kallon juna. Matata Rahina tana fama da gwiwarta kamar kullum, amma tana tashi. Ƙanwarka Hamdiyya tana nan, hidima ta ramar da ita, Allah ya saka mata da alheri.

Za ka yi mamakin ganin rubutu, tun da ka saba da muryata a tarho. Wallahi sau uku ina danna wurin ɗaukar murya, sau uku ina gogewa, bakina ya ƙi. Shi ya sa na koma ga biro, abin da na fi iyawa, ko kuwa abin da nake zaton na fi iyawa. Na ce wa Hamdiyya ta ɗauki hoton shafukan ta tura maka, duk ranar da ka hau dutse ka samu rezon waya za ka gani. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba. Innarka ba ta da lafiya. Ciwon dajin hanjin nan da aka yi mata fiɗa saboda shi ya dawo, ya kama hanta, kuma ya yi nisa. Labarin samun sauƙi da na yi ta aiko maka wata goma sha shida ba gaskiya ba ne. Ban shirya maka ƙarya ba, Allah shaida ne, amma ni ne na faɗa, kuma saboda maganata ka ɗage zuwanka sai azumi. Ina so ka ji yadda aka yi daga bakina, kafin ka ji daga bakin wani.

Ka tuna farkon abin, lokacin da kowa ke cewa basir ne, ana ta jiƙa mata saiwoyi, har ranar da ta faɗi a wurin bandar kifinta. Da muka kai ta asibiti aka ce jininta shida ne, alhali na mace ya kamata ya kai goma sha biyu. Ka tuna yadda muka zama masu gadin wannan lamba, ni da kai. Aka ƙara mata leda biyu ta koma takwas. Muka dage da hanta da zogale da kifi, ta koma goma, ta koma sha ɗaya, sannan likita ya yarda ya yi fiɗar a Yamai. Duk ranar da lamba ta hau sai mu sayi tsire mu ci a ƙofar asibiti. To, a nan na haddace karatun da ya cuce mu, cewa lambar jini hawa ake so ta yi. Babu wanda ya koya mini haka a kan kowace lamba, ni na koya wa kaina.

Da aka cire ƙarin, ta gama wata shida na ruwan maganin nan mai sa amai, kai kuma lokacin komawarka ya yi. A tasha ka miƙo mini jakar kwalin da takardunta ke ciki, ka ce likita ya ce kowane wata uku a ɗebi jininta a yi wani awo mai suna ACE, kuma a riƙa kai masa takardar ya gani. Ka faɗa, Nazifi, ban ce ba ka faɗa ba. Har ka maimaita, ni kuma na ji haushi, na ce maka shekara talatin da ɗaya ina cika takardun manyan motocin Kwatano, babu wadda aka taɓa mayar mini saboda kuskure, takarda guda ta asibiti ba za ta gagare ni ba. Ka yi dariya ka ce ai shi ya sa ka ba ni. Gaskiyar da ban gaya maka ba ita ce na ji daɗin karɓar jakar nan. Tun da aka rufe gada ban da abin yi, mutumin da direbobi ke bin sa da Malam Sumana, Malam Sumana, ya koma mai jiran a kira salla. Takardun Innarka, Yaya Aisata, suka zama ofishina.

Na tsara abin da kyau, wannan kam ba zan rage wa kaina ba. Ana ɗibar jinin a nan Gaya, a sa shi cikin ƙanƙara, motar safe ta kai shi wani labo, ɗakin awon jini, a Yamai, bayan kwana huɗu ambulan ya dawo a hannun direba. Takarda ta farko ta zo a farkon daminar bara. Na buɗe na ga ACE, gabansa uku, can gefe kuma an rubuta biyar. Kai ma ka yi lekol, karatun boko, ka san biyar bisa goma ita ce muwayan, wanda ya gaza ta ya faɗi. Sai gabana ya faɗi, na ce Yaya ba ta samu muwayan ba, ruwan maganin nan ya cinye mata jini. Akwai 'yar alama a gaban biyar ɗin, irin wadda Mushe, malaminmu na lekol, ya koya mana tun muna yara, mai nuna ƙasa da kaza. Na gan ta da idona, amma na tsallake ta, don na riga na yanke hukunci. Ka ga takardar nan mai lamba uku, ita kaɗai ce ta alheri a cikin duka shidan, kuma ita ce na kwana ina baƙin ciki a kanta. Washegari na tafi mahauta na sayo hanta, na sa Hamdiyya ta dage da zogale.

Bayan wata uku takarda ta biyu ta zo da bakwai. Na ce alhamdu lillahi, ta haye. Kana da muryata a tarhonka, ina cewa Innarka ta ci jarrabawa. A lokacin sanyi ta uku ta zo da goma sha tara. Bayan ƙaramar salla ta huɗu ta zo da arba'in da shida. A cikin jakar akwai ɗan kati mai ranar komawa wurin likita, ranar ta zo ta wuce har sau biyu. Ka san hanyar Doso, ka san Innarka da mota, tun kafin a kai garin Bela take fara amai. Ta tambaye ni ko dole ne a je, na ce mata wanda takardarsa ke hawa haka me zai je nema a Yamai, likitoci ma suna da marasa lafiya na gaske da za su duba. Ta ji daɗi, ta sa mini albarka, ta ce Allah ya bar mata ni. A ƙasan kowace takarda an rubuta da Faransanci cewa a nuna wa likita, ni kuwa na ɗauke shi irin rubutun nan da ake bugawa a gindin kowace takardar gwamnati, wanda ba mai karantawa.

Akwai wadda ta ga gaskiya, kuma ina so ka san ta gani, don kada gobe wani ya ce ita da ke kwana ɗaki ɗaya da Inna me take kallo. Tun bayan azumi Hamdiyya ta zo ta same ni, ta durƙusa, ta ce Kawu, zanen Inna ya fara zagaya ta sau biyu, tuwon da take cinyewa yanzu rabi take bari, kuma tana dafa gefen cikinta na dama in za ta tashi. Ta ce ko dai a kai ta a duba. Ka san ni da zafin kai. Na ɗauko jaka na baza mata takardu, na tambaye ta ita da injin Yamai wa ya fi sanin jini. Na ce zafin bazara ne, kowa ma ya rame. Ta ce ai jiki magayi ne, na ce takarda ta fi jiki iya magana, ta tashi ta ba ni wuri. Yarinyar nan ta fita tana share ido da bakin mayafinta. Ba ta sake tayar da maganar ba sai sau ɗaya, nan ma na kore ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sadakar. Ranar da na karanta wa Yaya arba'in da shida, ta ɗaga hannu ta ce in Allah ya nuna mata ɗari za ta yi sadaka. A tsakiyar damina ambulan ya zo, na buɗe tun a tasha, ɗari da goma sha biyu. Nazifi, gudu ne kawai ban yi ba, da furfurata. Ranar Juma'a aka toya masar shinkafa kwarya uku, aka yanka ragon da ka ce a saya da sunanka, aka kai masallaci. Ni da kaina na tashi bayan salla na gaya wa jama'a cewa jinin Aisata mai banda ya wuce ɗari, a taya mu godiya. Mata suka yi ta shigowa barka har la'asar. Ita kuwa tana zaune a kan tabarma an jingina ta da matashi, ta sa sabon zane, tana amsa gaisuwa, ko loma ɗaya ta naman ba ta iya haɗiyewa ba. Na ga haka, na ce murna ce ta cika mata ciki.

Takarda ta shida ta zo a watan jiya, ɗari biyu da tamanin da biyar. A makon ne Siddo ya shigo gari. Ba lallai ka san shi ba, abokina ne tun benci ɗaya a lekol, ya yi aikin majo, wato jinya, a asibitin Junju har ya yi ritaya. Ya zo cin kasuwa, ya biyo ya kawo mini rake, muka zauna a ƙofar gida muna shan shayi da hantsi. Ya tambayi jikin Yaya, ni kuwa abin nema ya samu, na shiga na ɗauko jaka don in yi masa burga. Ya sa tabarau, ya jera takardun a kan benci ɗaya bayan ɗaya, ya bi su da yatsa, ya sake bi. Shayinsa ya huce bai taɓa ba. Ya tambaye ni wane likita ne ya ga waɗannan, na bugi ƙirji na ce ni ne likitan. Sai ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Sumana, wannan lambar ba hawa ake so ta yi ba."

Kada ka zaci na yarda nan take. Musu na yi masa, har na ce shi da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa 'yan ƙauye allurar zazzaɓi ina ya san awon Yamai. Allah ya ba Siddo haƙuri. Ya ɗora yatsa a kan 'yar alamar nan ta gaban biyar, ya bar yatsan a wurin har na duba. Daga nan ya nemi izini ya shiga gaida Yaya. Ya ja fatar idonta, ya danna ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, ta yi 'yar ƙara. Ashe farin idonta ya koma ruwan ɗorawa, ni da ke ganin ta kullum ban lura ba, don ni takarda nake kallo. Da muka fito ya ce gobe-goben nan a tafi Yamai, shi ma zai raka mu. Na tsaya a zaure. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na sha faɗa wa yaran da na koya wa aiki, ban taɓa zaton a wuyan 'yar'uwata zan ɗaura nawa ba. Rahina ce ta zo ta kama hannuna ta zaunar da ni.

Mun yi kwana tara a Yamai. Aka sake awo, aka ɗauki hoton cikinta a na'urar nan da ake tura mutum ciki. Likitar da ta karɓe mu mace ce, ba ta kai shekarun Rahina ba, kuma ta yi mini bayani da Hausa tsantsa don kada in ce ban gane ba. Zan rubuta maka yadda ta faɗa, daidai gwargwadon abin da na riƙe, don wannan karon na saurara. Ta ce ACE ba jini ba ne, ba kuma ƙarfin jini ba ne. Wani furotin ne, irin sinadaran nan da jiki ke ƙerawa da kansa. Jariri tun yana cikin uwa hanjinsa na yin sa da yawa, in an haife shi sai abin ya ragu, ya zama ɗan kaɗan ne ake samu a jinin babban mutum, shi ya sa aka sa iyaka a biyar. Amma ƙwayoyin ciwon dajin hanji sukan koma suna yin sa da yawa, yana tsiyaya cikin jini. In an yanke ƙarin, sai lamba ta sauka, kamar yadda ta Innarka ta sauka zuwa uku. In aka ga ta fara hawa kuma tana ci gaba, to akwai irin da ya saura a wani wuri yana girma. Ta ce amfanin awon ke nan, yakan nuna dawowar ciwo watanni kafin mai shi ya ji komai a jikinsa.

Ta ƙara da wani abu da ya hana ni cin abinci ranar. Ta ce furotin ɗin ba alama kaɗai ba ne, yana da nasa aikin a cikin ɓarnar. Yana zaune a bayan ƙwayoyin ciwon, yana da danƙo, yana sa su manne wa juna su kuma manne wa inda suka sauka, kamar yadda ƙarangiya ke kama ƙafar wando. Jinin da ya taso daga hanji kuwa hanta yake fara bi, saboda haka ƙwayar da ta ɓalle can take fara yada zango, kuma masana suna ganin wannan furotin yana cikin abin da ke taimaka mata ta kafu a wurin. Ta ce ba kowane hawan lamba ne ciwon daji ba, mai shan taba ma tasa takan ɗan ɗaga, shi ya sa ba a barin takarda ta yi hukunci ita kaɗai, sai likita ya haɗa da hoto. Wato duk lokacin da na tsaya a tasha ina washe baki, abin da nake riƙe da shi a hannu labarin yadda ciwon ke cin hantar Yaya ne. Ta juyo mini da hoton, ta nuna mini tabo-tabo, na fara ƙirgawa na kai tara na daina.

Na tambaye ta abin da kai ma za ka tambaya, da mun zo tun tana bakwai fa. Ta dubi Siddo, ta dube ni. Ta ce ba za ta rantse mini ba, rai na Allah ne. A bakwai da sun sake awo sun ɗauki hoto. A goma sha tara mai yiwuwa tabo ɗaya ne ko biyu, irin wanda akan yanke ko a ƙona da magani, kuma akwai waɗanda aka yi wa haka suka ƙara shekaru, akwai kuma waɗanda aka yi wa bai hana komai ba. Ba ta ce laifina ne ba. Da ma ta faɗa, da na fi samun sauƙi. Yanzu hantar ta gaza, ruwa ya fara taruwa a ciki, jikin ba zai ɗauki ruwan maganin nan ba kuma. Sun ba mu maganin rage ciwo, sun koya wa Hamdiyya yadda za ta riƙa ba ta, suka ce gida ya fi mata. Na gaya wa likitar cewa tana da ɗa a Jado wanda zai zo da azumi. Ta ce in ɗanta ne ita, ba za ta so ya jira azumi ba, ba ma za ta so ya jira ƙarshen wata ba.

Mun dawo ranar Alhamis. Innarka ba ta san komai ba, don Siddo ya ce mata awon shekara ne aka je yi. Kwana biyu tana tambayata nawa lambar ta kai a Yamai, ko ta cika ɗari uku, ni kuwa ina kewaye-kewaye. Ran Lahadi da hantsi aka fito da ita gindin mangwaro ta sha iska, na sallami kowa, na zauna a ƙasa kusa da tabarmarta. Rabon da in zauna a gabanta haka tun ina yaro, lokacin da mahaifiyarmu ta rasu ta zama ita ce uwata. Na gaya mata duka, ban rage ba, har da katin likita da korar da na yi wa Hamdiyya. Ta daɗe tana kallon ganye. Can ta ce, "Ashe ciwon muka yi wa sadaka." Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba, ni da ban yi kuka ranar da aka binne ubanmu ba. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce Allah niyya yake dubawa, waɗanda suka ci masar sun ƙoshi, wannan ba ta ɓaci ba. Ta ce kwananta ba a cikin jakata yake ba, in daina ɗaukar kaina da girma haka. Ka ji Innarka, tana kwance ma sai ta rage mini tsawo.

Daga nan ta roƙe ni abu ɗaya. Ta ce in kira ka ka zo, amma in ce maka ciwon ne ya dawo da kansa farat ɗaya, kada in ambaci zancen takardu. Ta ce ta san zuciyarka, irin tawa ce, in ka ji ba za ka sake kallona da idon rahama ba, ita kuma ba ta so ta tafi ta bar ɗanta da ƙanenta ba sa ga maciji. Ta ce tun da mahaifinku ya rasu ni ne ubanku, ni zan nema maka aure, ni zan ba da Hamdiyya. Ban amsa mata ba, ta ɗauka na yarda. Shekarata sittin da uku ban taɓa tsallake maganar Yaya ba sai yau. Na tsallake ta ne don lambobin nan shida suna cikin tarhonka da muryata, ranar da ka nuna wa wani mai ilimi zai gaya maka, sannan ka ce kawunka ya cuce ka sau biyu. Na tsallake ta don in ban faɗa ba, Hamdiyya za a zarga. Kuma na san in na sassauta maka labari za ka ce bari ka ƙarasa ramin da kuka fara, ni kuwa na riga na ci maka wata goma sha shida na zama da mahaifiyarka, ba zan ƙara cin ko kwana ɗaya ba.

Ban rubuto don neman gafara ba, wannan sai ran da ka ga dama, in ma ba ka ga dama ba ban ga laifinka ba. In ka iso ba ka son ganina, ka aiko a gaya mini, zan koma gidan Siddo a Junju in zauna har ka gama kwanakinka, ba zan tsaya maka a ƙofa ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka nuna mata ka sani, ka bar ta da zaton na rufa. Ka bar kayan aikinka a hannun Yasir ɗan garinmu, ka bi ayarin farko da zai sauko Agadas, kada ka tsaya sayen tsaraba. Ba ta iya cin komai yanzu sai kunu cokali uku ko huɗu, kayan zaƙi ba su da amfani a wurinta.

Rahina tana gaishe ka da kyau, ta ce Allah ya kawo ka lafiya. Hamdiyya tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ta gyara ɗakinka. Siddo ya ce a gaishe ka ko da ba ku san juna ba. Mutanen Karakara, dangin mahaifinka, sun zo dubiya jiya, duk suna gaisuwa. Ka gaida Yasir da Mahamadu da sauran 'yan Gaya da ke tare da kai, ka ce su sa mu a addu'a.

Da safen nan da na shiga gaishe ta, ta tambaye ni ko na kira ka, na ce yau saƙo zai tafi. Ta tambayi kwana nawa ne daga Jado zuwa Gaya. Na ce in an dace da mota takwas, in ba a dace ba goma ko sha biyu. Ta ƙirga a yatsunta a hankali, ta kai ƙarshe ta sake farawa, sannan ta rufe ido ta ce, "To, zan ƙoƙarta."

Ka taso, Nazifi.

Wassalam. Ni ne kawunka,
Sumana